Zaren da Ba a Kamawa da Hannu

Kafin in taka Jidda na riga na sha ruwan ƙasashe da dama. Na yi bandar kifi a Baga, na yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan har Faransanci ya zauna mini a baki, na yi gadi a Tarabulus inda na tsinci Larabcin kasuwa. Don haka ranar da muka gama Umara muka ƙi bin jirgin komawa gida, ban ji ɗar ba. A ganina baƙunci duk iri ɗaya ne: ka rage murya, ka san wanda za ka gaisar, ka san wanda za ka kauce wa. Damuwata ɗaya ce, Garba.

Garba ɗan kawuna ne, taubashina. Da yake shi ɗan namiji ne ni kuma ɗan mace, tun muna yara "bawana" yake kirana, kuma furfurar da na riga shi ba ta sa ya daina ba. Basarke ne na gaske, masunci ɗan masunci, bai taɓa yin wata guda nesa da kogin Kwara ba. Bai yi boko ba, bai iya ciniki ba. Dukiyarsa a duniya hannunsa ne na dama: da shi yake saƙa taru, da shi yake ɗaure ƙugiyoyin mamari, da shi yake jawo giwan ruwa cikin jirgi. Ya biyo ni ne don ya yi aiki ya sayi injin jirgi ya koma ruwa. Uwarsa, matar kawu, abu ɗaya ta roƙe ni a Yauri. Ta ce tunda ni na san duniya, in dawo mata da ɗanta yadda na tafi da shi. Na ce in Allah ya yarda. Da wannan maganar nake kwana da tashi a Jidda.

Zangonmu na farko unguwar Bab Makka ce. Muna kwana a wani ɗaki a saman shagon atamfa tare da mutanen da ban iya ƙirga su ba, domin kullum wani ya zo wani ya ɓace. Wani Bahaushe da ya daɗe a garin ya ɗauke mu sauke dilolin yadi. Muka yi ta yi har bayan Garba ya saɓule. Da muka nemi haƙƙinmu ya ce kafili, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya yi tafiya. Da Garba ya ɗaga murya, sai mutumin ya bar Hausar da muke yi, ya koma Larabci, ya tambaye shi da ƙarfi ina iƙamarsa, wato takardar zama. Mutane suka fara juyowa daga shaguna. Na ja Garba muka bar wurin. A Abijan in aka cuce ka kana iya tara jama'a da ihu. A Tarabulus kana iya dawowa da abokanka. A Jidda wanda ba shi da iƙama ba shi da ihu.

Wata tsohuwa haifaffiyar garin, mai sayar da gyaɗa da yaji a ƙofar masallaci, ita ta riƙa ajiye mana ragowar tuwon gidanta. Hausarta rabi Larabci ce. Ita ta gaya mini akwai wani tsoho mutumin Halaramauta, can wajen kasuwar kifi, yana neman wanda ya iya harsuna ya tsaya masa a shago.

Sunansa Ammu Salim, kuma shagon na kayan fatsa ne. Amma ba fatsar da muka sani ba, ta yanke gora a ɗaura zare. Wannan ta masu hali ce, waɗanda ke kama kifi don nishaɗi. Na taɓa hango irinsu a Abijan, Turawa a kan jirgi da hulunan rana, na ɗauka abin nasu ne su kaɗai. A Jidda kuwa ma'aikacin banki da likita da direban babbar mota duk suna da wannan ciwon. Sanduna ne jere a bango har rufi, wasu sun ninka mutum tsawo amma ba su kai muciya nauyi ba. Kowace ana ɗaura mata wata 'yar na'ura mai hannu a gindi, tana naɗe zare tana sakinsa. Makina suke ce mata. Ni nake yi wa Filifinawa guntun Turancina, in yi wa 'yan Maroko Faransanci, Ammu Salim kuma yana zaune da shayinsa yana koya mini sana'ar.

Ba ya sayar wa mutum sanda sai ya tambaye shi daga ina zai jefa, kuma wane kifi yake nema. Mai tsayawa a gaɓa doguwa yake bukata don jifa ya yi nisa. Mai jirgi gajera mai ƙarfi. Kowace sanda an rubuta mata nauyin abin da za ta iya jefawa, wanda ya ɗora mata fiye da haka zai ji ta ƙarye a bayan kunnensa. Makina sai ta dace da sanda: a ɗora su a kan yatsa ɗaya, in kai ya rinjaya ko gindi ya rinjaya, kafin azahar kafaɗar mai ita ta mutu. Ya koya mini zura auduga a cikin zobban da zare ke bi, in ta maƙale akwai tsaga, kuma tsagar za ta cinye zaren ranar da babban kifi ya zo. Ya koya mini cewa gishirin Bahar Maliya ya fi na kowane teku da ya sani cin ƙarfe, don haka makina sai an wanke ta da ruwan daɗi kafin gishirin ya bushe a cikinta.

Abin da ya fi ba ni wuyar fahimta shi ne birki. A saman makina akwai wani murfi da ake murɗawa. In kifi ya ja da ƙarfi, birkin yana sakar masa zare a hankali, da kuka kamar na gyare. Ammu Salim ya ce ba don tsayar da kifi aka yi shi ba, don a bar shi ya tafi da wahala ne. Sanda ta lanƙwasa, birki ya gajiyar da shi, mutum aikinsa haƙuri. Sai kuma zaren kansa. Harir suke kiransa, wato alharini, amma ba alharini ba ne. Wasu ƙananan zaruruwa ne aka kitsa, siriri kamar na ɗinkin hula, ba ya miƙewa ko kaɗan, kuma yana iya ɗaga buhun shinkafa. A ƙarshensa ake ɗaura roba mai kauri tsawon gaba biyu. Ita kaɗai ake taɓawa in kifi ya iso, ita ma da safar hannu.

Garba ba shi da aiki lokacin, sai ya riƙa zuwa shagon da yamma yana zama a bakin ƙofa. Kome ya gani sai ya yi dariya. Ya ɗauki kifin roba mai fenti da ƙugiyoyi a ciki, ya juya shi, ya tambaye ni ko kifin ƙasar nan ba su da hanci ne. Ya ce a Yauri ko ƙarfasar da aka haifa jiya ba za ta ci wannan ba. Da na bayyana masa birki, ya dube ni da tausayi.

"Wato kifi na gudu da zarenka, kai kana tsaye kana jin kiɗa? Bawana, sun lalata ka."

Ya ce ubansa ya koya masa abu ɗaya: in giwan ruwa ya juya zai shiga saiwa, ka naɗa igiya sau biyu a hannu ka kwanta baya. Wanda ya saki igiya ba ya cin abinci a gidan Basarke. Yana faɗa yana naɗa alharinin a yatsunsa don ya gwada ƙarfinsa. Ammu Salim, wanda ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ya taso ya doke masa hannu. Ya ɗauko karas daga kwanon abincinsa, ya naɗa masa zaren, ya ba Garba bakin zaren ya ce ya ja. Karas ya rabu biyu ya faɗi ƙasa.

Garba ya buɗe tafinsa ya nuna wa tsohon. Kanta ce kamar ƙasan takalmi.

"Gaya mashi hannuna ba karas ba ne. Wanga hannu ya ja kifin da ya fi shi nauyi."

Ban fassara duka ba. Ammu Salim ya ɗauki rabin karas ɗinsa ya goge ya cinye.

A wannan shagon muka gamu da Abu Rayan. Ɗan kwangila ne, gidansa a Aziziyya, kuma shi ne babban mai sayen kayan Ammu Salim. Baƙi ne kamar mu, da fuskar da in ka gan ta a kasuwar Katsina ba za ka waiwaya ba. Ammu Salim ya ce kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasarmu. Ranar farko na gaishe shi da Hausa. Ya dubi bayan kaina ya ce da Larabci bai gane ba. Ban sake ba. Amma na lura wata rana da Garba ya ce tumbin mutumin nan ya isa a yi gora da shi a haye Kwara, kunnensa ya motsa, ya gyara jallabiyarsa.

Kifi ɗaya Abu Rayan yake nema, babban bayad. Kifi ne mai faɗi, mai goshi kamar na rago, yana farauta a bakin duwatsun murjani, kuma in ya ji ƙugiya yakan nufi duwatsun ya goga zaren ya tsinke. Abokansa duk sun ɗauki hoto da shi, shi bai samu ba. Ya sayi sanda mafi tsada, da makina mafi girma, na cika masa ita da alharini mafi kauri. Sai ya ce yana bukatar mutum biyu masu ɗaukar kaya ran Juma'a. Ammu Salim ya ba da ni aro saboda ƙulli da fassara. Garba kuwa Abu Rayan ya ce zai riƙe shi aiki har sauran ranakun mako a sitonsa na unguwar Khumra. Na yi murna. Na ga injin jirgi ya fara matsowa.

Muka koma Khumra, wani ɗaki na kwano a bayan siton, inda zafi ke kwana tare da mu. Kowace Juma'a bayan asuba Abu Rayan yakan tsaya a bakin titi ya danna oda. Shi a gaba da sanyin mota, sanduna a kujerar baya a kwance cikin rigunansu, mu a buɗaɗɗen baya tare da akwatin ƙanƙara. A kudu da gari ake ajiye mota. Daga nan a shiga ruwa iya gwiwa, a yi ta tafiya a kan murjani har mota ta koma kamar akwatin ashana, sannan a iso baki, inda ruwan ke komawa shuɗi mai duhu, ƙasa ta ɓace gaba ɗaya. Shi yana da takalmin ruwa mai kaurin ƙasa. Mu silifas muke ɗaurewa da tsumma, kaya a ka, ƙayoyin teku suna shiga mana dunduniya. Ya hana Garba taɓa sanda sai dai ɗauka, ita ma a tsaye.

In ya kama matsakaicin kifi, sai ya ba ni waya in ɗauke shi bidiyo, ya sumbaci kifin a goshi, ya mayar da shi ruwa yana magana da masu kallonsa a kan tausayin halittu. Mu kuwa burodi da wake ke jiranmu a Khumra. Garba yakan bi kifin da ido har ya nutse. Ya ce ya ga mahaukata a duniya, amma bai taɓa ganin wanda ke sumbatar abinci ya jefar ba. Duk da haka Juma'a ce ranar da yake rayuwa. Sauran kwanaki yana ɗaukar siminti ba ya magana. Ran Juma'a, da ruwa ya taɓa ƙaurinsa, sai ya fara gaya mini yanzu ruwa ya kawo ina a Yauri, wane kifi ke hawa, wa ke kafa mali, tarkon kifi, a gurbinsa. Wata rana na gan shi ya ɗebi ruwan ya kai baki, ya tofar.

Ranar da abin ya faru hantsi ya riga ya ɗaga. Abu Rayan yana jefa wani kifin roba mai faffaɗan baki, wanda in an fizge shi yake fantsama ruwa kamar ƙaramin kifi mai rauni. Ruwan ya fashe a bayansa kamar an jefa turmi. Sanda ta lanƙwasa, birki ya kama kuka. Na ga Garba ya ajiye akwatin da ke kansa a kan dutse ba tare da an ce ya ajiye ba.

An daɗe ana yi. Kifin ya tafi, a jawo shi, ya sake tafiya. Gumi ya jiƙe Abu Rayan, numfashinsa na fita da ƙara. Ni ina gefensa na dama da safar hannu da almakashi a rataye a wuya, ina jiran robar nan mai kauri ta fito in kama. Garba yana gaba kaɗan, a hagu, kusa da baki. Duk lokacin da birki ya yi kuka sai in ga yatsunsa suna buɗewa suna rufewa. Can muka ga kifin ya kifa gefe a ƙarƙashin ruwa, fari, faɗinsa kamar ƙyauren ɗaki. Garba ya ce a hankali, "La ilaha illallahu."

Sai kifin ya juya ya nufi duwatsu. A daidai nan ƙafar Abu Rayan ta zame, ya zauna daɓas a ruwa, kan sanda ya faɗi, zaren ya saki ya kwanta a gaban Garba. Bai yi tunani ba, na tabbata. Hannunsa ne ya yi abin da aka koya masa tun kafin ya yi kaciya. Ya cafke zaren, ya naɗa sau biyu, ya kwanta baya.

Kifin ya tsaya. Wallahi ya tsayar da shi, taku kaɗan daga dutsen. Ban ji wata ƙara ba. Abin da na gani shi ne ruwan da ke ɗiga daga zaren ya sauya launi, zaren kuma ya ɓace a cikin yatsun, ba a ganinsa.

Na ciro almakashi na nufe shi. Abu Rayan ya miƙe yana naɗe sakin da sauri, ya daka mini tsawa da Larabci. Ban tsaya ba. Sai na ji wata murya a bayana, da Hausa tsantsa, irin ta Katsina, ba gargada ko ɗaya.

"Kar ka yanke, Baba. Bar shi ya riƙe, saura kaɗan."

Ita ce Hausar da Abu Rayan ya taɓa yi mana, farko da ƙarshe. Garba ma, haƙora a cije, ƙafafunsa na jan ƙasa zuwa bakin zurfin, ya ce, "Bari, bawa. Yana zuwa."

Na yanke. Zaren ya yi ƙara kamar tsirkiya, Garba ya faɗi baya a cikin ruwa.

Da na warware abin da ya rage, manuninsa da na tsakiya suna rataye, ana ganin farin ƙashi. Na ɗaure su da hiramina. Abu Rayan yana tsaye yana kallon inda kifin ya nutse. Abin da ya fara tambaya, da Larabci, shi ne ko na san daga wace ƙasa aka kawo masa kifin robar da na sallamar. Muka kamo hanyar mota. Na ɗauki kayana da na Garba, shi yana biye da hannu a sama, jini na gangarowa ta gwiwar hannunsa, ƙananan kifaye suna bin sawunmu.

A mota na roƙe shi asibiti. Na yi da Larabci, na yi da Hausa tunda yanzu na san yana ji. Ya ce asibiti za su nemi iƙama, daga nan su nemi wanda ya kai marasa iƙama teku, shi kuwa yana da 'ya'ya. Ya ce shi bai sa kowa ya taɓa zare ba. Ya miƙo kwalin takardar goge hannu ta taga, ya ce halas, yalla, wato shi ke nan, mu tafi. Sanduna suka shiga kujerar baya, mu muka hau inda muka saba. A hanya ya tsaya a gidan man da yake tsayawa kowace Juma'a, ya miƙo mini makina ya ce in wanke ta kafin gishiri ya bushe. Motar tasa ce, kuma babu wata a hanyar. Na tsaya a bakin famfo ina wanke ƙarfe da ruwan daɗi, Garba yana kwance a rana yana kallona. A shataletalen Khumra ya sauke mu, bai shiga layinmu ba.

Akwai wani Basudane, Ɗayyib, mai aiki a siton magungunan dabbobi kusa da mu. Ba mu taɓa wuce sallama da shi ba. Shi ya zo ya wanke ciwon, ya ɗinke abin da zai ɗinku, ya riƙa dawowa safe da yamma da allura da miyar da matarsa ta dafa. Da na yi masa maganar lada ya ɓata rai. Amma yatsun ba su dawo ba. Suka yi sanyi, suka yi baƙi, ɗakin ya fara wari, zazzaɓi ya rufe Garba har yana kiran sunayen matattu. Ɗayyib ya ja ni waje ya ce yanzu ba maganar yatsu ake ba, maganar hannu ce, gobe kuma ta rai.

Garba ya ƙi. Ya san wanda ya shiga asibiti ba takarda daga can sai jirgin gida, ba inji, ba komai. Ya ce in bar shi, a Yauri an sha ɗaure irin wannan da sassaƙe. Ban saurare shi ba. Muka ɗauke shi ni da Ɗayyib, kuma Ɗayyib ne, da yake yana da iƙama, ya shiga da shi. An kula da shi yadda ya kamata. An cire yatsun biyu, hannun ya tsira, sai dai sauran ba sa rufewa sosai. Da ya warke aka wuce da shi inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Ban samu ganinsa ba.

Na koma shago. Ba a yi wata ba sai ga Abu Rayan da makinarsa, yana son a cika mata zaren da ya ragu. Ya ce wa Ammu Salim ba ya son ganina a gaban shago. Tsohon ba zai iya rasa shi ba, ni ma ba ya son ya kore ni, sai ya mayar da ni ɗakin baya. Can na zauna na cika makinar, ina matse alharinin da jiƙaƙƙen tsumma don ya kwanta daidai, ina jin Abu Rayan ta labule yana ba masu saye labari. Ya ce kifin ya kai shi tsawo. Ya ce ya riga ya gama da shi, saura a ɗaga, sai wani tsohon lebura ya tsorata ya yanke zare. Suka yi ta jajanta masa. Wani ya ba shi shawara ya riƙa ɗaukar Filifinawa, sun fi natsuwa. Ba a ambaci hannu ba. Da ya tafi, Ammu Salim ya shigo ya ajiye mini shayi, ya dafa kafaɗata, ya fita.

Ban daɗe ba bayan haka. Na kai kaina inda aka kai Garba, aka sa ni a jirgi.

A Yauri na fara zuwa gaida matar kawu. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta tambaye ni hanya, ta tambaye ni ko na yi mata addu'a a Ka'aba. Ba ta yi maganar da nake jira ba, har na tashi. Aka ce Garba yana bakin ruwa. Na same shi a inuwar wani jirgi da aka kife, yana gyaran tarun wani da hannun hagu, a hankali, na daman a kan cinya a rufe da gefen riga. Jiragen inji suna wucewa. Ya amsa sallamata, ya matsa mini wuri, ya tambayi Ɗayyib, ya tambayi tsohon mai karas. Ina ta jiran ya zage ni, ya ce bawansa ya yi ƙiba ko ya rame. Bai yi ba.

Sai da rana ta yi sanyi ya ajiye tarun, ya tambaye ni ko na ga kifin sosai. Na ce na gan shi. Ya ce tun da yake bai taɓa riƙe irinsa ba, kuma ya ji a hannunsa lokacin da ya karaya, ya fara biyo shi. Na ce masa da ban yanke ba, da hannun gaba ɗaya ya tafi, ko shi kansa. Ya ciro hannun daga riga ya duba, ya juya shi.

"Yatsun sun riga sun tafi lokacin da ka iso. Kifin ne kaɗai ya rage mini." Ya mayar da hannun. "Saura kaɗan, Alhaji."

Muna gari ɗaya har yau. Muna haɗuwa a masallaci, muna haɗuwa a suna da jana'iza, yana gaishe ni da ladabi kamar yadda ake gaida baƙo. Tun daga ranar nan a bakin murjani bai sake kirana bawansa ba.